Na yi rantsuwa a kan ciwon maigidana, ga shi Laraba za a yi masa aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina yi wa kowa fatan alheri. Admin a ɓoye sunana, garinmu kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, ranar Laraba za a yi wa maigidana aikin baya, ni kuma ina riƙe da wata magana da ta hana ni sakat.

A Talata Mafara muke, shi manomin shinkafa ne a Bakolori. Bara wajen ɗaga buhu bayansa ya riƙe, ciwon ya sauko ƙafar hagu, har takalmi yakan zame masa bai sani ba, sallah ma a zaune yake yi. An yi ƙaho, an je wajen mai magani a Maradun, ba sauƙi. Ƙarshe aka tura mu babban asibiti, hoto ya nuna wani abu ya fito tsakanin ƙasusuwan bayansa yana danne jijiya.

Likitan ya zaunar da mu ya yi bayani, ya ce lokacin aikin za a kafa masa ƙananan allurai masu waya a ƙafafu da fatar kai, a riƙa tura ɗan lantarki daga kai, wani yana gaban na'ura yana duba ko saƙon na isa ƙafa, da an kusa yi wa jijiya lahani sai ya yi magana a dakata. Har raina ya yi sanyi. Sai ya ɗauko takarda ya fara tambaya, akwai ƙarfe a kansa, ya taɓa yin farfaɗiya? Ya ce lantarkin yana iya tayar da ita ga mai ita, in sun sani sukan sauya tsari. Maigida ya ce a'a, ko ɗar bai yi ba. Likita ya dube ni, na sunkuyar da kai, ya rubuta babu.

Shekara uku ke nan, bayan la'asar ina tankaɗe, maigida ya faɗi a tsakar gida, jiki ya sandare, yana fizga, kumfa a baki, har ya ciji harshe. Inna, mahaifiyarsa, ta taso daga Bakura, ta ce iska ce ya gamu da ita a bakin gulbi tun yana saurayi, kuma ana yi masa addu'a. Ta sa na dafa Alƙur'ani ba zan gaya wa kowa ba, wai gidan da aka ce da farfaɗiya ba a neman auren ɗiyansu. Shi har ga Allah ba ƙarya ya yi wa likita ba, a wajensa iska ce. Amma ni a sakandare mun yi karatu da wata mai farfaɗiya, na sha riƙe mata kai, kuma abin da na gani a gidana shi ne sak.

Da muka dawo daga wajen likitan na lallaɓa na yi masa maganar, ya ce ashe kallon da nake masa ke nan duk shekarun nan, kwana biyu bai ci abincina ba. Ya gaya wa Inna, ta kira ni a waya, ta ce in likitoci suka ji za su fasa aikin ya ƙare a gurgunce, kuma wanda ya karya rantsuwar Alƙur'ani a kan 'ya'yansa yake gani. Ni dai sai hawaye.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, shekaranjiya yana shan kunu ya ƙura wa bango ido, ludayi ya faɗi, bakinsa na motsi kamar mai tauna, na kira shi sau uku bai amsa ba. Da ya dawo hayyacinsa ya ce ba abin da ya faru. Ban gaya wa Inna ba.

Ranar Talata za a kwantar da shi, ni zan yi jinya. Ma'aikatan lafiya na nan, in na faɗa, fasa aikin za a yi ko gyara tsari? Malamai, irin wannan rantsuwar kaffara na warware ta? In na yi magana wataƙila ba zai sake kallona kamar da ba, in na yi shiru kuma da sanina za a kifa shi a kan gado a sa masa waya a kai. In ja likitan gefe in gaya masa, ko in bar wa Allah?