Kukan da Usama Ya Ji a Motar Ammi Bakri

Bani Harisa, Madina

Zuwa ga Kawu Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Iyatu da yaran gareji. Na san kunnen nan naka ya yi ritaya, kiranka a waya asarar kati ne, shi ya sa na rubuto da ajamina na allo. 'Yarka Raudatu za ta nuna maka hoton takardar a wayarta. In ka ga harafi ya karkace, gwiwata ce teburin.

Kawu, na jawo magana. Ka san gidan da nake tuƙi, gidan Ammi Bakri, tsohon da kakanninsa suka zo daga Katsina a ƙafa. Tun zuwana ya riƙe ni kamar jika. Da na yi zazzaɓi, da kansa yake kawo mini shurba, romonsu na nan, har ɗaki. Yana da wata tsohuwar motar tsere, ja, mai kujera biyu, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Duk Asabar shi yake jan ta zuwa masallacin Ƙuba, ina gefe ina riƙe masa sanda. 'Ya'yansa sun karɓe kanti, likita ya karɓe gishiri da sukari, ita kaɗai ta rage masa.

To shekaranjiya babban ɗansa Saifuddeen ya ce sai ya ja ta ya ji lafiyarta, na shiga gefe. Ka san shi ba ya dariya, ni kuma in na ga fuska a ɗaure jikina har ƙaiƙayi yake. Sai na rufe baki na fara guɗa ta hanci: wuuuu. In ya taka mai in ɗaga, in ya sassauta in sauke. Wallahi Kawu da kana ji da ka sa mini albarka.

Muna isa gida ya ce, "Halas, ya Baba! Tashli!" Wato a kai ta inda ake farfasa motoci. Na ce ni ne, hancina ne. Ya ce ƙarya nake don in rufa wa tsoho asiri. Rana ɗaya na faɗi gaskiya, babu mai saya.

Ammi Bakri ya karɓi makullin daga hannun ɗansa. Ya ajiye shi a kan faranti kusa da shayinsa ya shige ciki. Ƙarshen wata za a zo a ɗauke ta. Kawu, ka taimake ni, na kasa haɗa ido da shi.

Ɗanka wanda ya gudu daga garejinka,
Usama

*

Funtuwa

Usama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Iyatu tana gaishe ka, ta ce girma bai canza ka ba.

Faɗa zan yi maka, amma na ajiye sai ka dawo. Tambaya ɗaya gare ni. Tun kana yaro ba ka taɓa ƙirƙirar murya ba. Ladanin unguwa, akuyar Iyatu, tarina na asuba, duk sai da ka ji su kafin ka kwaikwaya. To wannan kukan mai hawa da sauka tare da gudun mota, a ina ka ji shi? Wace mota kake shiga duk Asabar?

Ka ɗaga gabanta da jak, ka tokare da katako mai ƙarfi, kada ka amince wa jak shi kaɗai. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Sannan ka dafa sifirin da tafin hannu, wani ya juya tayar. Ni yanzu haka nake sauraron mota. In ka ji gurzawa kamar ana niƙa tsakuwa, boris ɗin taya ya tafi.

In haka ne, ka canza na ɓangarorin biyu. Ka zuba giris a tafin hannu ka dinga danna sabon boris a ciki har ya fito ta ɗaya gefen. Noti kuwa, ka ɗaure shi kana juya taya, sannan ka sassauta kaɗan. Na san ka da nuna ƙarfi. In ka shaƙe shi zai ƙone. Ka sa sabon fin da zai riƙe notin.

Ka gaida dattijon. Allah ya shirye ka.

Kawunka,
Badaru

*

Bani Harisa, Madina

Kawu na kaina,

Assalamu alaikum, da fatan alheri. Ka gaida Inna, ka ce mata na canza, gemu ya fara fitowa.

Da na karanta tambayarka sai na gane, a motar Ammi Bakri nake jin kukan nan duk Asabar. Na roƙi Saifuddeen ya ba ni rana guda. Na ɗaga motar, na dafa sifirin na dama, mai gadi ya juya taya. Kawu, gurzawar har cikin haƙorina. Na kira Saifuddeen na ce, "Ustazu, kada ka yarda da bakina, kawo hannunka." Ya dafa. Sannan ya ce, "Da wannan Baba yake hawa titi?" Ashe ba mugunta ba ce, tsoro ne yake cinsa. Shi da kansa ya yi ta buga waya har aka samo kayan a Jidda. Su nan rumman bili suke ce wa boris.

Ranar aiki Ammi Bakri ya sa aka fito masa da kujera, ya baza hularsa a cinya, duk notin da na kwance a ciki yake ajiyewa. Da na zaro tsohon boris, giris ɗinsa ya bushe kamar ƙanzo, ƙarfen ya yi shuɗi don zafi. Tsohon ya jujjuya shi ya ce, "Ya waladi, ɗana, hancinka ya fi kunnena." Na ce, "Ammi, ai gado ne, duk danginmu hanci ne arzikinmu." Ranar na fara jin dariyarsa tun da abin ya faru.

Noti kuwa, ka san ni. Na ɗaure shi tamau har taya ta ƙi juyawa, sai na ga fuskarka a gabana. Na sassauta.

Wajen gwaji Saifuddeen ya rama. Ya ce kada in yi wata waƙar da za ta rufe kukan mota, sai ya cika mini baki da ruwa ya ce in na haɗiye an fasa. Haka muka je har gindin Uhudu muka dawo, kumatuna kamar na mai busa algaita, yara a kan hanya suna nuna ni. Motar ko tari ba ta yi ba. Da muka tsaya ya ɗauki makullin ya sa a hannun babansa, ya sumbaci kan tsohon. Ni kuma ruwan ya ƙwace mini ta hanci.

Jiya Asabar mun je Ƙuba. Ammi Bakri ya yi maka addu'a da sunanka. Ya tambaye ni me ya sa malamina yake sauraro da hannu, na gaya masa. To Malam Jamaluddeen, ɗalibin jami'a ɗan unguwarmu, zai zo hutu da saƙon dattijon: na'urar kunne da dabino. Na kuma tura wa Raudatu muryar motar tana gudu. Muryar za ka fara ji da na'urar.

Kawu, na gode. Wannan ba wasa a ciki.

Usama

*

Funtuwa

Usama,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso. Ka ce wa dattijon Allah ya saka masa da Aljanna, ba ni da bakin godiya.

Na sa abin a kunne, Raudatu ta kunna muryar. Na kasa kunne, ban ji gurza ba, ban ji guɗa ba, har na ce na'urar ba ta aiki. Can sai ga akuya tana kuka a cikin mota, wani tsoho yana dariya har da tari.

Akuyar Iyatu ce. Ta daɗe da mutuwa, amma na gane ta.

Aikinka ya yi. Faɗan da na ajiye maka, na yafe rabi.

Kawunka,
Badaru