Wace ce Rozana?

Laraba, 12 ga Maris, Pantai Dalam

Na tsinci takarda a aljihun maigida, an rubuta "Rozana" sau uku, kowanne da haruffansa daban. A littattafan soyayya haka cin amana yake farawa.

Na tare shi a ƙofa. "Wace ce Rozana?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya amsa da "lah" ɗin nan da mutanen ƙasar nan ke ƙarawa a ƙarshen magana. "Haba Hafsa, ƙauye ne lah! Asalin kakan Malama Debora, Bayahudiyar sashenmu a wurin aiki. Duk gwamnatin da ta zo sai ta sauya rubutun sunan. Tsofaffin taswirori nake taya ta dubawa."

Na ji kunya, amma kishin bai kwanta ba. Sati uku yana neman ƙauyen kakan wata. Ni shekara biyu da aurenmu, bai taɓa tambayar sunan ƙauyen kakata ba.