Shanun Bobbo da Lambar Reshen Zariya

Makarfi,
6 ga Agusta, 1962.

Zuwa ga ƙanena Gidaɗo, a Sabon Badun.

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Alhajin da ya sauke ka da duk mutanen zango. Yaya gajiyar hanya, yaya ruwan Kudu? Mu nan sai godiya. Yarana Indo da Uwaisu suna gaishe ka, Baffa Iliyasu ma ƙafarsa ta yi sauƙi har yana fita masallaci.

Bayan haka, takardarka ta iso. Na ga ka ce shanun Bobbo sun yi daraja, ka kai kuɗin banki an bugo su ta waya zuwa Zariya da sunana, kamar yadda muka shirya. To, na shiga motar kasuwa na je, kuɗi ba su zo ba. Akawun ya duba littafinsa ya ce babu sunana. Na gaya masa lambar reshensu da na ba ka, sifiri, huɗu, bakwai, ya ce ita ce, ban yi kuskure ba, sai dai in koma gida in jira.

Ka san Bobbo bai ba ka shanun nan don ya san ka ba, ni na tsaya maka. Jiya ya taso daga rugarsu ta Paki cikin ruwa, ya zauna a zaure ya jingine sandarsa. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce masu karɓar jangali sun iso ƙauyen Furana, in suka zo kansa ba shi da abin ba su, shanun tatsa za su kora. Na yi masa bayani cewa kowane reshen banki yana da lambarsa, kamar yadda yake tsaga kunnen shanunsa don kada su ɓace cikin na wani. Ya ce ya gane, amma shi saniyarsa ko ta ɓace yana ganin sawunta.

A kasuwa kuwa na zama abin dariya. Ina zaune gaban mazarƙwailata, sai in ji an ce waya ta cinye shanu har ƙaho. Baffa ya kira ni ya ce tun farko ya hana, gidan malamai ba ya hulɗa da gidan riba, kuma karatun Yaƙi da Jahilci ne ya kumbura mini kai. Na durƙusa na saurara har ya gama. Ban ce na tuba ba, domin ban ga laifin da na yi ba.

Ka koma bankin can ka tambaye su. Ka gai da Alhaji.

Addarka,
Ummulhairi.

Makarfi,
24 ga Agusta, 1962.

Zuwa ga Gidaɗo.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata zazzaɓin da ka ce ya kama ka ya sake ka. Muna lafiya.

Na karanta amsarka, raina ya ɓaci. Ka ce bankin can sun ce sun riga sun buga, ba ruwansu, don haka za ka sayar da bijiman nan naka, ka ɗaura kuɗin a ƙugu ka taho ka biya Bobbo. Gidaɗo, ban yarda ba. Kana yaro lokacin, amma ka ga yadda aka kawo mana baban su Indo. Haka ya ɗauro kuɗin shanun mutane a ƙugu, ya sauka jirgi lafiya, 'yan fashi suka tare shi tsakanin tasha da gida. Ni na wanke rigar da ya mutu a cikinta. Masu dariya a kasuwa sun zo gaisuwa a lokacin, sun ce haka Allah ya so, suka tashi suka tafi. Na yarda haka Allah ya so. Amma Allah bai hana ni neman hanyar da ƙanena zai dawo gida da hannu sake ba, kuma na samo ta, ba zan bar ta ba don ta yi tuntuɓe sau ɗaya.

Kada ka sayar da ko ɗan maraƙi. Kuɗin nan suna wani wuri, ba su da fiffike. Gobe zan bar yara wajen Lantana maƙwabciyarmu in koma Zariya, kuma ba zan dawo da “jeki ki jira” ba.

Addarka,
Ummulhairi.

Makarfi,
10 ga Satumba, 1962.

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata, Gidaɗo.

Aminci ya tabbata a gare ka, da kai da duk wanda ke tare da kai. Yaya jiki, yaya kasuwa? Ina fata kana cin abinci sosai. Yara lafiya, Uwaisu ya fara rubutun allo da hannunsa.

Ka kwantar da hankalinka, an biya Bobbo. Bari in ba ka labarin yadda aka yi.

Da na isa bankin, akawun nan ya sake cewa in jira. Na roƙe shi ya buga waya Badun ya tambayi lambar da suka sa, ya ce wannan aikin manaja ne, manaja kuma ba ya ganin kowa sai masu ajiya babba. Sai na fita na shimfiɗa tabarmata a barandar bankin, daidai bakin ƙofa, na jera mazarƙwailar da na taho da ita. Duk wanda ya tsaya saye, ko ya tsaya kallo, sai in gaya masa abin da ya zaunar da ni. Masinja ya zo ya ce, “Inna, nan ba kasuwa ba ce.” Na ce masa, “Ɗana, ni ma na fi son kasuwarmu, ku ba ni abin da ya kawo ni in koma.” Ya ce zai kira ɗan sanda. Na ce ya kira, shi ma zan ba shi labari.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji kunya ƙwarai. Ban taɓa zama a idon maza haka ba, ga feshin ruwa yana jiƙa mini zane. In an tashi aiki in tafi wajen Goggo Sabuwa a Tudun Wada, da safe in dawo. Ana nan sai wani dillalin gyaɗa ya zo da jakarsa zai yi ajiya, ya ji labarina, ya juya da kuɗinsa. Wani ma ya bi shi. Ran nan manajan ya fito da kansa, wani Bature mai jan wuya, da tafinta. Ya ce in shigo ofis. Na ce zan shiga, amma tabarmata tana nan har in ga ƙarshen magana.

A gabana aka buga wayar. Washegari amsa ta zo. Ashe mai bugawa a can ya juya lambar, ya sa sifiri, bakwai, huɗu, kuɗin suka tafi wani reshe a Gusau suka zauna, ba wanda ya san mai su. Aka juyo da su. Akawun ya ce akwai ɗan ruwa da suka tara a zamansu, na ce ya riƙe abinsa, abin da kai Gidaɗo ka sa kaɗai nake so. Ya kawo tawada in dangwala yatsa, na karɓi alƙalaminsa na rubuta sunana.

Ban kwana ba sai da na kai Paki. Na tarar masu jangali sun riga ni, sun kora masa saniya guda, jar nan da iyalinsa ke sha. Wannan ba ta dawowa, Gidaɗo, kuma tana raina. Bobbo ya karɓi kuɗinsa. Da zan tafi ya rako ni har bakin hanya, ya ce in an yi kaka yana da bijimai, amma wannan karon a sa mai bugawar ya karanta lambar da ƙarfi kafin ya buga. Ka riƙe wannan, ka tsaya a kansa ya karanta maka.

Saura maganar gida. Labarin zamana a baranda ya riga ni isowa. Baffa ya tara mutanen gida, ya ce na zubar masa da mutunci a birnin Zazzau, 'yar malamai tana talla a ƙofar banki. Ya ce in rantse ba zan sake taka wurin ba, ko kuwa in bar masa gida. Na gaya masa ban ci ruwa ba, amana na karɓo na kai wa mai ita, kuma ba zan rantse a kan abin da na san zan sake yi ba. Shi ya riƙe mu tun rasuwar Baba, ban taɓa musa masa ba sai ranar.

Na kama ɗaki a bayan kasuwa, kusa da masu man gyaɗa. Rufin yana yoyo ta kusurwa ɗaya, na sa kwarya. Indo ta yi kuka ranar da muka tashi, yanzu ta saba. In za ka rubuto, ka sa: Ummulhairi mai mazarƙwaila, bayan kasuwar Makarfi. Ka rubuta wa Baffa tasa takardar daban, ka gaishe shi da ladabi, kada ka ɗauki faɗana ka sa a kanka. Jiya na dama masa fura na aika, ya mayar da ita ko buɗewa bai yi ba. Yau ma na aika, gobe ma zan aika.

Allah ya tsare mini kai, ya dawo da kai lafiya. Ka gai da Alhaji da mutanen zango.

Ni ce addarka,
Ummulhairi.