Kaset ɗin Maraɗi

Zuwa ga mahaifina, Malam Sada direba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uba, Baba, na zo da ƙara, kuma kai nake ƙara.

Ka tuna shekarun da arziƙin mai ya sauka, kowane direba a Jibiya ya rataya rediyo mai kaset? Motarka ta lalace a Maraɗi, ka yi wata biyu kana jiran kayan gyara, sai ka aiko wa Inna saƙo a kaset. Ta kulle ɗaki ta saurara ita kaɗai, ta jefa shi ƙasan adaka. Mu dai mun san ka da ɗaure fuska. Ko sunanta ba ka taɓa kira a gabanmu ba, sai dai "ke".

Yanzu Inna ta tsufa ƙwarai, kunne ya yi nauyi, jiki ya ƙi. Ran Laraba ta miƙo mini kaset ɗin, ta ce tana so ta ji muryarka kafin ta bi ka. Na kai Katsina aka juye shi a filashi, ban saurara ba, don ina jin kunyarka har gobe.

Sai tsohuwar kwamfutata ta ce ba da ita ba. Na sake mata babbar manhaja tun daga tushe, komai ya hau lafiya, ban da sauti. Wai ba ta gane katin sautinta ba, abin da ke cikin cikinta shekara goma! Na sauko da wannan, na goge wancan, na kashe na kunna har na fara zaginta. Inna na kan tabarma tana tambaya ko ka fara magana.

Can na ga wani suna ya fito a jerin lasifiku, na danna. Shiru. Na ƙure ƙarar har ƙarshe, na sake kunna ka daga farko.

Baba, na manta ni ke gyara na'urar masallacinmu na jikin katanga, kuma da bulutut take aiki, ba sai an jona waya ba. Ashe sunanta ne na danna. Ana saura kaɗan la'asar, sai ga muryarka daga saman hasumiya: "Hajara, Hajarata, tuwon Maraɗi ba ya wuce mini wuya." Daga nan ka kama waƙa. Waƙa, Baba! Kai da ka fasa mini garaya.

'Yan babur suka tsaya. Masu lodin gero suka sauke buhu. Liman ya fito da alwala rabi. Ni kuwa na rasa inda ake ragewa, ga shi ka shiga baiti na biyu kana yabon wushiryarta.

Na juyo zan zare filashin, Inna ta riƙe mini hannu. Ashe duk abin nan, wannan ƙarar ce kaɗai ta isa kunnenta. Tana dariya, hawaye na bin kumatunta, ta ce, "Bar shi ya ƙarasa. Shekara hamsin ni kaɗai na san shi."

Na bar ka ka ƙarasa, Baba. Liman ma ya jira.

Na yi kewarka ƙwarai. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa ka da Hajararka a Aljanna, amma don Allah kar ka yi gaggawar kiranta.

Ɗanka da ya tona maka asiri,
Lawal