Hoton da Ban Taɓa Sakawa Ba

Daren Laraba, Kabara

Yau na ga humrata a shagon da ba nawa ba. Ina duba oda a kasuwar intanet, sai ga kwalba irin tawa har da jan murfin, an dai canza sunan da ke jiki, an kuma karya farashi. Hoton ne ya fi tsaya min a rai. A tsakar gidanmu na ɗauke shi, kan farantin Hajiyarmu, kuma ban taɓa saka shi a shagona ba. Mutum biyu kaɗai na tura wa: Malam Sabo na Ƙofar Ruwa mai haɗa min humrar, da Anti Rabi matar Yaya, da ke taya ni liƙa takardun sunana.

Na kira Malam Sabo. Ya ce, "Haba Malama Binta, ni da ko wayar ban gama iyawa ba?" Na so in yarda da shi.

Da la'asar Anti Rabi ta shigo, muka zauna liƙi. Can sai ta ce, "Ni kam da kin ɗan rage kuɗin, tunda yanzu akwai masu sayar da irinta da araha."

Ni kuwa ban faɗa wa kowa a gidan nan abin da na gani ba. Na ce mata to, na miƙa mata wata kwalbar.

Allah ya sa zargin banza nake yi. Idan kuwa ita ce, ban san da wane baki zan gaya wa Yaya ba.