Ƙanƙarar da Aka Zuba a Zoɓo

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku daure ku karanta har ƙarshe, domin zagin da nake yi wa kaina kullum ya fi wanda za ku rubuto.

Ni matar aure ce a wani ƙauye ta wajen Boyekai, a Goronyo. Na yi karatun lafiyar dabbobi, amma takardar tana ƙasan akwati, aiki bai samu ba. Muna da ƙungiyar mata masu kiwon awaki, kowacce tana ba da kuɗin wata, ni kuwa sai in jera wata uku ban ba da ko sisi ba, in ana kiran suna in yi ta wasa da bakin mayafina. Shugabarmu Inna Hajo tsohuwa ce mai faɗa, amma ba ta iya ganin mutum cikin kunya. Ita ce rannan ta daka wa mata tsawa: "Ku bar ɗiyag ga da zancen kuɗɗi! Tana da ilimin bisashe, ta riƙa yi muna allurar rigakahi, shi ak kuɗɗinta." Wallahi ranar da kaina a sama na koma gida.

Ba kowa ya yarda da allurar ba. Inna Hajo ce ta bi gida-gida tana lallashin mata da mazajensu, har aka yi karo-karo, aka tura wa ɗanta Bello da ke aiki a Sakkwato ya sayi maganin, ni kuma na je karɓowa. Tsakiyar bazara ce. Bello ya miƙo mini kula cike da ƙanƙara, kwalaben maganin suna ciki, ya ce kada in tsaya ko'ina. Har haushinsa na ji, ni zai koya wa? Abu na farko da aka koya mana a makaranta ke nan, cewa maganin nan in ya sha zafi ya mutu, ba shi da maraba da ruwan randa. Amma ranar ake sunan ɗan yayata a Wurno, ga shi kusan kan hanya. Maigidana ya riga ya ce kada in ratse, na ce a raina barka kawai zan yi in fito. Da na isa gidan sunan na tura kular ƙarƙashin gado, na ɗauki jariri, aka kawo shinkafa, hira ta yi daɗi, ina ta baza labarin yadda na zama likitar ƙungiya. Sai bayan la'asar na jawo kular, na ji ta sakayau. Ba ƙanƙara ko ɗaya, kwalaben suna kwance cikin ɗan ruwa mai ɗumi. Wata mata ta leƙo tana dariya: "Ke ad da kulag ga? Allah shi yi miki albarka, kin hisshe mu kunya, baƙi sun sha zoɓo mai sanyi." Jama'a, ni kaina kofi biyu na sha na zoɓon nan, har ina yabawa.

To me ya hana ni faɗa? Waya ɗaya zan buga wa Inna Hajo. Amma in ce mata me? In ce wadda ta kasa biyan kuɗin wata, aka rufa mata asiri, ta kashe maganin ƙungiya a gidan suna? In koma waccan mai wasa da bakin mayafi? Washegari na sa farar rigata na bi gidaje, da awakin Inna Hajo na fara, kowace akuya sai na yi bisimilla kafin in soka mata, ina gaya wa zuciyata wataƙila da sauran rai a maganin. Na san ƙarya nake yi.

Da damina ta ja baya ciwon ya shigo. Majina, zawo, baki ya yi gyambo, akuya ta kwanta ba ta sake tashi ba. Matan da suka saki jiki saboda an yi rigakafi ba su ma ware marasa lafiya ba, don ni na ce musu su kwantar da hankalinsu. Akwai gidan da turke ya zama wayam. Inna Hajo ma akuya ɗaya ta rage mata. Na zauna ina jiran a zo a kama ni, sai magana ta juya: wai Bello jabun magani ya saya, suka raba sauran kuɗin da uwarsa. Aka sauke ta daga shugabanci. Matar da ba a ɗaura zanen suna ko na biki sai da ita, yanzu ko makwabta ba ta leƙawa, ta rame, faɗan ma ta daina. Bello ya daina zuwa gida. Ni kuwa tausayina ake ji, ana ce mini, "Ke mi al laihinki? Abin da anka ba ki shi kis soka." Har yau ba sa karɓar kuɗin wata a hannuna, wai na yi musu wahala.

Yanzu magana ta kai gaban mai gari, ranar Asabar za a zauna, kuma an ce ni zan dafa Alƙur'ani in faɗi yadda na karɓo maganin. Jiya da hantsi Inna Hajo ta zo gidana, ta ƙi hawa tabarma, ta zauna a dokin ƙofa. Ta ce, "Ɗiyata, ke kaɗai kis san aikin ga. Ba ni son ki ƙara komi don ni." Sannan ta kama hannuna, ta ce: "In Bello na yac cuce mu, hwaɗa mini nan tsakanina da ke, kar in ji shi gaban mutane." Kun ji inda na kai tsohuwar nan, har ɗan da ta haifa ta fara zargi. Bakina ya buɗe, Allah ya sani ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, "Inna, sai dai mu yi ta addu'a." Ta gyaɗa kai, ta yi mini godiya, ta tafi.

In na faɗi gaskiya, da me za mu biya awakin gari guda? Maigidana zai ji na saɓa maganarsa na kuma ɓoye masa, ban ga auren zai kai labari ba, kuma ba mai sake bari in taɓa ko kazarsa. In na rantse a kan ƙarya, ina zan sa kaina ranar gobe ƙiyama? In na gudu Wurno na ƙi zuwa, na bar uwa tana kallon ɗanta a matsayin ɓarawo. Duk inda na juya ban ga mafita ba, kuma ko na faɗa awakin ba za su dawo ba. Yau Alhamis. Don Allah, me zan yi?