Kyanwar da Zan Maido

Mma,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar Baba da mutanen Zango? Muna lafiya, sanyin dutsen nan ne kawai yake fasa min hannu.

Kyanwar da kika aiko ta iso, amma gobe direba zai maido ta. Ɓeran da mijina Muhaimin yake gadi ba na ɗaki ba ne. A ciyawar saman dutse yake rami, kuma kaɗan suka rage, shi ya sa ake biyansa ya kare su. Jiya na ga wata ɗauke da ɗanta a baki, har na ajiye littafina. Kyanwa ɗaya za ta ƙarar da su, mijina ya rasa aiki.

Nasira ta yi ta kirana matar mai gadin ɓera. Ni ce, kuma ba zan dawo Kumasi ba sai da shi.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarki,
Fadilatu